Fim, katun ko dogon zango: wanne ya cancanci lokacinka cikin abin da ake ɗaukowa daga wasannin bidiyo?

A 1993 aka saki fim ɗin Super Mario Bros., wanda aka kashe wa fiye da dala miliyan 40, kasuwa kuma ba ta dawo da ko uwar kuɗin ba. Shi kansa Bob Hoskins da ya fito a matsayin Mario ya faɗa daga baya cewa bai taɓa yin aikin da ya kai wannan muni ba. Bayan shekara 30 cif sunan ya dawo a katun, ya tara dala biliyan 1.36. Wanda ya ji haka sai ya ɗauka an gano bakin zaren. Da sauran rina a kaba: a 2024 Borderlands, da Cate Blanchett da Kevin Hart a ciki, ya lashe sama da miliyan 110, ya dawo da kusan miliyan 33.

Abin da ya sauya shi ne kayan sun yi yawa yanzu, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai fim na mutane da ake kaiwa sinima. Akwai katun na iyali, har da wanda ake gauraya mutane da halittun kwamfuta. Akwai shiri mai dogon zango na mutane, sannan akwai katun mai dogon zango da aka yi don manya. Kowane yana da inda yake burgewa da inda yake ba da kunya.

Abin da ke ɓacewa a hanya

Wasa kamar The Last of Us ko Uncharted 4 yana cin wajen awa 15 kafin a ga ƙarshensa, kuma mafi yawan waɗannan awoyi hannunka ne ke aiki: ka laɓe, ka ƙirga harsashi, a kashe ka, ka sake. Faɗuwar gaban da kake ji taka ce, don kuskuren naka ne. Da zarar an karɓe hannun gem, wato na'urar da kake sarrafa wasan da ita, daga wurinka an zaunar da kai gaban allo, duk wannan ya tafi. Sai ƙashin labarin, wanda sau da yawa bai wuce je ka can, ɗauko wancan, kashe babban abokin gaba ba.

Dubi fim ɗin Uncharted na 2022. Ya kwaikwayi wurin nan na Uncharted 3 inda Nathan Drake yake rataye a bayan jirgin ɗaukar kaya, yana hawa kan akwatunan da iska ke wujijjigawa. A wasan, in yatsanka ya makara da daƙiƙa ɗaya ka tafi. A fim kuwa kowa ya san Tom Holland, wanda ya fito a matsayin Drake, ba zai mutu ba, don haka kyan hoton ne kawai ya rage. Doom na 2005 ya wuce nan: kusan minti biyar kyamara ta koma idon jarumi, ga bakin bindiga a ƙasan allo yadda yake a wasan. Dabara ce mai ɗaukar ido, amma a ƙarshe kallon wani kake yi yana buga gem, kana jiran a miƙo maka hannun da ba za a miƙo ba.

Saboda haka ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne: me aka sa a gurbin hannun gem? Mutanen da za ka damu da su ne, ko barkwanci, ko duniyar da za ka so ka zauna a cikinta? In ba a sa komai ba, tsadar hoto ba ta cike gurbin.

Sauran huɗun sun fi sauƙin aunawa. Kuɗi da lokaci: tikiti ɗaya da awa biyu, ko kuɗin wata da awa tara zuwa sama. Sauƙin shiga: sai ka buga wasan za ka gane, ko baƙo ma zai bi? Karko: zai sake kalluwa bayan shekara goma, ko siddabarun kwamfutar zai tsufa ya koma abin dariya? Sai kasada: a soke shirin a tsakiya, ko a tona maka ƙarshen wasan da ba ka buga ba, ko ka kunna gaban yara abin da bai kamata ba.

Abu biyu da mutane ke ɗauka ma'auni ne, alhali suna yaudara. Cinikin sinima yana nuna girman sunan wasan ne da ƙarfin talla. Bin wasan sau da ƙafa kuma bai taɓa ceton raunin labari ba, kamar yadda za a gani a Warcraft.

Fim na mutane a sinima

Nan ne gawarwakin suka fi yawa, kuma hanyoyin mutuwar ba su da yawa.

Hanya ta farko ita ce cushe. Warcraft na 2016, wanda Duncan Jones ya ba da umarni, an kashe masa dala miliyan 160 da hannun Blizzard, kamfanin da ya yi wasan, a ciki. Makamai da birane da halittu duk yadda 'yan gem suka san su. Dodannin Orc ma sun fito da kyau sosai, don an ɗauki motsin jiki da na fuskar jarumai aka ɗora wa halittun kwamfuta, har Durotan, ɗaya daga cikin dodannin, ya fi mutanen fim ɗin zama mutum. Amma cikin minti 123 an jibga wa mai kallo masarautu da matsafa da sunayen da wasan ya yi shekaru yana koya wa masu buga shi. A Amurka dala miliyan 47 kacal ya samu. Kasuwar Sin, inda wasan ke da ɗimbin mabiya, ita ta kawo sama da miliyan 200 cikin jimillar miliyan 439. Ba a yi na biyu ba, alhali an bar ƙarshen a buɗe.

Hanya ta biyu ita ce rashin gane abin da ake so a wasan. Masu buga Assassin's Creed tsalle kan rufin tsofaffin birane ne ya riƙe su. Fim ɗin 2016 na Michael Fassbender ya ɓata kusan kashi biyu cikin uku na lokacinsa a wani ginin bincike na zamani, Sifaniyar 1492 kuwa sai ɗan leƙe. Borderlands ya yi irin wannan ta wata fuskar: wasan na manya ne, jini da baƙar barkwanci su ne gishirinsa, sai aka tsame su don fim ɗin ya samu lambar PG-13, wadda ke ba matasa damar kallo. Masu wasan suka ƙi shi, waɗanda aka tsame abin dominsu kuma ba su zo ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai kuma masu aron suna kawai. Jerin Resident Evil shida na Milla Jovovich, daga 2002, an gina su kan Alice, wadda babu ita a wasannin, kuma sun tara sama da dala biliyan 1.2. Finafinan harbe-harbe ne masu sauƙin kallo da saurin mantuwa. Wanda yake neman tsoron nan na gida mai duhu da ƙarancin harsashi ba zai same shi a nan ba. A can ƙasan wannan rukuni akwai ayyukan Uwe Boll, su House of the Dead na 2003 da Alone in the Dark na 2005, waɗanda suka ci moriyar wata dokar haraji ta Jamus ta wancan lokacin da ta ba masu zuba jari a fim damar cire kuɗin daga harajinsu. Inda riba ba dole ba ce, inganci ma ba dole ba ne. Babban kaso na mummunan sunan da finafinan gem suka yi, daga shekarun nan ya fito.

Waɗanda suka tsira a rukunin kusan duk sun rage buri ne. Mortal Kombat na 1995 ya ɗauki wasan da tsarinsa gasar faɗa ce, ya yi fim ɗin gasar faɗa, shi ke nan. Da kusan dala miliyan 20 ya samo miliyan 122. Na 2021 ya dawo da jinin da na farko ya ɓoye, amma ya ƙirƙiro sabon jarumi, Cole Young, ya kuma ƙare ba a yi gasar ba. Mintunansa na farko, inda Hiroyuki Sanada da Joe Taslim suka gwabza a wani ƙauyen Japan na ƙarni na 17, sun fi duk abin da ya biyo baya. Silent Hill na 2006 ya riƙe hazo da toka da kiɗan Akira Yamaoka na wasan, ya samar da yanayi mai tayar da tsikar jiki, sai ya ɓata rawarsa da tsalle wajen ƙarshe, inda aka tsaya ana karanta wa mai kallo tarihin garin. Five Nights at Freddy's na 2023 kuwa dala miliyan 20 aka kashe masa, ya samo sama da miliyan 290. An ƙera dodanninsa da hannu, butum-butumi ne masu inji daga shagon Jim Henson, amma tsoron ba shi da ƙarfi, kuma rabin daɗinsa na waɗanda suka haddace tarihin wasan ne.

Ta fuskar kuɗi da lokaci wannan rukuni ya fi kowane sauƙi: tikiti ɗaya ko haya ɗaya, awa biyu ko ƙasa. Ta fuskar karko, ƙa'idar a fili take. Abin da aka gina da hannu yana jure shekaru, na kwamfuta yana tsufa. A Mortal Kombat na 1995, Goro mai hannu huɗu da aka ƙera har yau yana kalluwa, ƙadangaren kwamfutar nan Reptile kuwa sai dai a yi murmushi.

Wani ɗan reshe da ake mantawa: finafinan da suka bar labarin cikin wasan suka ɗauki labarin da ke kewaye da shi. Tetris na 2023 kan fafutukar sayen haƙƙin wasan ne daga Tarayyar Sobiyet, Gran Turismo kuma kan Jann Mardenborough, wanda ya ci gasar masu buga wasan, GT Academy, a 2011 ya zama direban tsere na gaske. Matsalar hannun gem ba ta shafe su ba, don tun asali labarin mutane ne.

Katun na iyali da gauraye

In maganar kwalliya ta biya kuɗin sabulu ce, babu na biyun wannan rukuni. The Super Mario Bros. Movie na kamfanin Illumination an kashe masa dala miliyan 100, kuma Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, yana cikin furodusoshinsa. Minti 92 ne, labarin siriri ƙwarai, masu sharhi suka rabu gida biyu a kansa. Abin da ya sa a gurbin hannun gem shi ne gudu da launi da kiɗan da kunne ya saba da shi, ga kuma Jack Black a muryar Bowser. Ga yaro ɗan shekara bakwai wannan ya wadatar. Babba da bai taɓa buga Mario ba zai iya ƙosawa kafin a kai rabi. A Minecraft Movie na 2025, mai sama da miliyan 950, haka yake, sai ma ya fi dogara da barkwancin da sai 'yan ciki ke ganewa.

Sonic ya fi su darasi. Da aka saki tallar farko a watan Afrilun 2019, sai ga bushiyar da haƙoran mutum, ƙananan idanu, dogayen ƙafafu, babu farar safar hannun da aka san shi da ita. Ca ɗin da aka yi wa kamfanin Paramount ya sa aka ɗage fim ɗin daga Nuwamban 2019 zuwa Fabrairun 2020, aka kawo Tyson Hesse ya jagoranci sake zanen. Na farko ya samu kusan miliyan 320, na biyu sama da 400, na uku sama da 490. Abin lura shi ne kowane na gaba yana rage hidimar mutane yana ƙara ta halittun wasan, kuma yawancin masu sharhi sun fi yaba na ukun, inda Keanu Reeves ya yi muryar Shadow. Jim Carrey a matsayin Robotnik shi ne abin da ke riƙe manyan da suka rako yara. Detective Pikachu na 2019 ya bi wata hanyar: ya ɗauki ƙaramin wasa daga gefen wasannin Pokémon, ya yi labarin bincike na yaro mai neman mahaifinsa, ya bar halittun suna yawo a titi kamar dabbobin gari.

Karko a nan yana da kyau, don zanen da ba ya ƙoƙarin kama da mutum ba ya saurin tsufa. Wanda ya yi ƙoƙarin ya sha kashi: Final Fantasy: The Spirits Within na 2001 ya kashe dala miliyan 137 wajen zana mutane kamar na gaske, ya samo miliyan 85, aka rufe sashen fim na kamfanin da ya yi wasan. Kasada kaɗan ce. Yawancinsu PG ne, wato yara na iya kallo tare da iyaye, labarin yana rufewa a zama ɗaya, kuma babu ƙarshen wasa da za a tona maka. Abin da ba za ka samu ba shi ne zurfi. Ka kuma sa ran yara za su nemi wasan ko kayan wasan bayan an tashi, don da wannan niyyar aka yi su.

Dogon zango na mutane

Nan ne aka fara ganin abin da lokaci yake iya yi. The Last of Us na tashar HBO ya fara a Janairun 2023 da kashi 9, kusan awa 9, a hannun Craig Mazin da Neil Druckmann, wanda shi ya rubuta wasan. Labarin annobar funfuna ce da ke mayar da mutane dodanni, kuma yadda suka buɗe shirin ya isa misali. A wasan, kai ne kake tafiyar da Sarah, 'yar Joel, cikin gida da tsakar dare, kana buɗe ƙofofi kana neman mahaifinta. Minti kaɗan ne, amma da yake kai ne ita, abin da ya same ta ya same ka. Shirin ba shi da wannan damar, sai ya ba ka yininta guda: karin safe, makaranta, kai agogon mahaifinta gyara, shiga gidan maƙwabta inda wata tsohuwa take karkarwa a bayanta ba ta lura ba. Ta wata hanya daban aka kai ka ga ciwo iri ɗaya.

Haka suka yi ta yi. A zango na farko sun cire ƙurar funfunar da ke yawo a iska a wasan, wadda da ta tilasta jarumai rufe fuska, suka maye ta da jijiyoyin funfuna da ke haɗa masu cutar. Sun rage faɗa sosai, don kashe mutum ɗari a gem mataki ne, a shiri kuwa yana mayar da jarumi dodo. Sun mayar da yaron nan Sam kurma, suka rage masa shekaru, sai dogaronsa da wansa ya ƙara nauyi. Wasu 'yan gem sun yi ƙorafin ƙarancin masu cutar a allo, kuma suna da hujja: akwai kashin da za ka manta me ake gudu.

Fallout na Prime Video, wanda ya fara da kashi 8 a Afrilun 2024, ya bi hanyar da a ganina ta fi aminci. Bai maimaita labarin ko ɗaya daga wasannin ba. Ya ɗauki duniyar, Amurka bayan yaƙin nukiliya, ya kafa sabon labari a Los Angeles a shekarar 2296. Lucy tana fitowa daga maɓoyar ƙarƙashin ƙasa ba ta san komai ba, kamar yadda mai buga wasan yake farawa, don haka baƙo yana koyon duniyar tare da ita. An ɗauke shi a faifan fim mai milimita 35, an ƙera sulken ƙarfen da gaske, abin da zai taimaka wa karkonsa. Tsofaffin 'yan wasan sun yi ta jayayya kan wata shekara da aka rubuta a allon makaranta wadda suke ganin ta ci karo da Fallout: New Vegas, amma wannan ba ya taɓa baƙo.

Dogon zango ba magani ba ne shi kaɗai. Halo na Paramount+ ya cire wa jarumin wasan, Master Chief, hular kwanonsa tun a kashin farko, alhali ɓoye fuskar ne yake ba mai wasa damar jin cewa shi ne a ciki. Cirewar ba laifi ba ce in da an sa mutum mai jan hankali a ƙarƙashinta. An yi kashi 17 a zango biyu, sai a na ƙarshe aka isa zoben Halo ɗin da shirin ya ci sunansa, kuma a Yulin 2024 aka soke shi. Resident Evil na Netflix a 2022 zango ɗaya ya yi. (The Witcher ba ya cikin wannan lissafi, ko da yake ana yawan sa shi: daga littattafan wani marubuci ɗan Foland aka ɗauko shi, kamar yadda wasannin ma daga can suka fito.)

Kuɗin wannan rukuni ya fi yadda ake zato, don kowane shiri yana manhaja daban. Wanda yake son uku sai ya biya kuɗin wata a wuri uku. Ga kuma data: a ƙiyasin Netflix, awa ɗaya tana cin har gigabayit 1 a matsakaicin hoto, har 3 a hoto mai kyau, har 7 a mafi kyau. Zango mai awa 9 a hoto mai kyau zai iya kai gigabayit 27. Rage ingancin hoto kuma yana cutar da irin waɗannan shirye-shirye fiye da katun, don wurare masu duhu ne ke fara dagulewa. Kasadar uku ce: jira, don tsakanin zangon farko da na biyu na The Last of Us an yi fiye da shekara biyu, tona asiri, don zangon farko ya kai har ƙarshen wasan 2013, sai lambar TV-MA, wato na manya zalla.

Katun mai dogon zango na manya

In ana maganar inganci tsantsa, a nan aka fi samun dacewa, kuma akwai dalili. Zane ba ya jin kunyar abin da gem ke yi. Takobi mai tsawon mutum ko gashi shuɗi, a jikin jarumi na gaske sai ya zama kamar kayan aro, a zane kuwa daidai yake.

Arcane ya fito daga League of Legends, wasan 2009 na mutum biyar da biyar wanda kusan babu labari a cikin bugunsa. Wannan rashin ya zama alheri, don marubutan sun samu fili. Suka gina labarin ya da ƙanwa, Vi da Jinx, tsakanin birnin masu hali Piltover da unguwar ƙasa Zaun. Kamfanin Fortiche na Faransa ya yi aikin: an sassaƙa mutanen a kwamfuta an shafe su da fenti irin na hannu, bango zanen hannu ne, hayaƙi da wuta kuma an zana su ɗaya bayan ɗaya an ɗora. Zangon farko ya ci wajen shekara shida, ya fito a Nuwamban 2021, ya ci kyautar Emmy ta katun a 2022. Jaridun masana'antar sun ruwaito cewa an kashe wa kashi 18 ɗin kusan dala miliyan 250. Ba ka buƙatar sanin komai game da wasan. Aibinsa yana zango na biyu na 2024, inda aka tura labarai da yawa cikin kashi 9 har wasu suka ƙare a guje. Amma dai ya ƙare, awa 12 da ɗoriya, babu jiran na uku.

Cyberpunk: Edgerunners na kamfanin Trigger na Japan ya fi shi taƙaitawa: kashi 10, wajen awa 4, labari guda da ya rufe kansa, kuma bai taɓa labarin wasan ba sai birnin. Fitowarsa a Satumban 2022 ta dawo da ɗimbin mutane kan Cyberpunk 2077, wanda ya fito da matsaloli a 2020. Castlevania, kashi 32 daga 2017 zuwa 2021, ya ɗauki wasan 1989 da labarinsa bai cika shafi ba, ya ba Dracula dalilin fushinsa: an ƙona matarsa bisa zargin maita. Zangonsa na farko kashi 4 ne kacal, don haka gwajinsa ba ya cin lokaci.

Babbar kasada a nan ita ce kalmar katun. Iyaye suna ganin zane su ɗauka na yara ne. Edgerunners da Castlevania cike suke da jini da zagi da tsiraici. Arcane ya fi su kamewa, amma shi ma akwai kisa da shaye-shaye da taɓin hankali a ciki.

| Zaɓi | Kuɗi da lokaci | Baƙo zai gane? | Karko | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|
| Fim na mutane | Tikiti ko haya ɗaya, wajen awa 2 | Ya danganta. Masu cushe suna ɓatar da shi | Rauni in kwamfuta ta yi yawa | Ya fito ba daɗi, ko a bar ƙarshe a buɗe |
| Katun na iyali | Tikiti ko haya ɗaya, minti 90 zuwa awa 2 | Zai gane, amma wasu raha za su wuce shi | Mai kyau | Rashin zurfi |
| Dogon zango na mutane | Kuɗin wata, awa 8 zuwa 9 a zango | Sosai | Mai kyau in an kammala | Sokewa, jira, tona ƙarshen wasa |
| Katun na manya | Kuɗin wata, awa 4 zuwa 13 | Sosai | Mafi kyau | Ɗaukarsa na yara |

Alamomin da ake dubawa kafin a biya

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. In wasan na manya ne amma fim ɗin ya fito da PG-13, an riga an cire wani abu. In an ɗauki fim an ajiye shi shekaru ana sake ɗaukar wasu sassa, kamar Borderlands da aka ɗauka a 2021 aka dawo kansa a 2023 da wani darakta, a yi hattara. In talla ba ta nuna komai sai kaya da wuraren da 'yan gem za su gane, babu alamar wane ne ke son me, to wataƙila babu labarin ne. Kasancewar mai wasan cikin furodusoshi alama ce mai kyau amma ba ta isa ba: Nintendo ya tsaya kan Mario ya yi nasara, Ubisoft ya tsaya kan Assassin's Creed abin bai yi ba.

Wa ya dace da wanne

Wanda bai taɓa riƙe hannun gem ba, labari mai kyau kawai yake nema: Arcane in bai ƙi zane ba, Fallout in ya fi son ganin mutane. Mai dare ɗaya da yara a gefe: Mario ga ƙanana, Sonic ga waɗanda suka ɗan tasa, kuma a fara daga na ɗaya don na ukun yana dogara da na baya. Mai ƙarancin data ko lokaci da yake son abu mai nauyi, ba kuma tare da yara ba: Edgerunners, wanda ko a matsakaicin hoto bai wuce gigabayit 4 ba.

Wanda yake da niyyar buga The Last of Us, ya buga kafin ya kalla, don ƙarshen wasan ya fi ciwo in kai ne ke riƙe da hannun. Wanda ba shi da na'urar kuma ba ya shirin saye, shirin ya ishe shi. Fallout da Edgerunners ana iya kallonsu kafin wasan ko bayansa.

Tsohon ɗan gem da ke son ganin abin da ya sani a babban allo, Warcraft da Silent Hill da Mortal Kombat na 1995 za su ba shi kaya da kiɗa da yanayi, muddin bai gayyato baƙo yana sa ran ya bi labarin ba. Mai tsoron a bar shi a rataye kuwa ya tsaya ga waɗanda aka riga aka rufe, Arcane da Castlevania da Edgerunners, ukun duk a Netflix suke, kuɗin wata ɗaya zai iya ɗaukarsu in ya shirya lokacinsa.